Gefen Littafin Malam Buhari da Aka Yanke

Zuwa ga Bature mai aikin tattara kalmomin Hausa a ƙasar nan, wanda aka ce mani yana rangadi a Bungudu.

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanenka. Bayan haka:

Ranar Larabar makon jiya masinjanka ya kawo mani littafin kakana, Malam Buhari, a rumfata ta Sabon Garin Gusau. Ya zo a ɗinke, da jan bango mai tauri, an yanke gefensa uku. Rubutun da ke gefen ya tafi tare da abin da aka yanke. A cikin ƙunshin akwai takardarka ta godiya, inda ka ce ɗinkin kyauta ce daga gare ka. Na karanta ta. Masinja ya tsaya yana jiran amsa, na ba shi ruwa ya sha, ya tafi.

Wannan ita ce amsar. Na rubuta ta sau huɗu. Ɗaya da boko, ita ce a hannunka. Uku da ajami, za a karanta su a zaurukan malamai na Gusau da Tsafe da Bungudu, domin na ji malaman Bungudu sun fara fito maka da littattafansu, kuma ni ne na fara ce wa mutane ba komai, su bayar. Ba a ɓoye nake yi ba, shi ya sa na gaya maka.

Ni ne Haruna, wanda ya yi maka tafinta kwana tara a watan Rajab. Asalina 'Yandoto ne. Na bi fatake zuwa Ikko ina saurayi, na yi shekara bakwai a wata maɗaba'a ina jera haruffan dalma, a can na koyi boko da Turanci. Yanzu wasiƙu nake rubuta wa mutane. Na faɗi wannan ne don ka san abin da zan faɗa game da ɗinki da yanka, ba ji na yi ba, da hannuna na yi shi.

Na farko: abin da na ba ka.

Falle ɗari da sittin da huɗu na ba ka, ba a ɗinke ba, tsakanin fata biyu masu tauri, cikin gafaka, wato jakar fatar da ake ajiye littafi. Takardar mai kauri ce, irin wadda fatake ke kawowa ta Sahara, in ka ɗaga ta a rana za ka ga hoton wata uku a jikinta. Mun ƙirga tare, kai da ni da akawunka Malam Sambo. Ka ce kafin azumi zai dawo. Ya dawo bayan sallar layya.

Abin da ke tsakiyar kowane falle littafin furu'a ne na Larabci, wato na hukunce-hukuncen fiƙihu, irin wanda ake samu a kowane zaure. Ba shi ka ara ba, kai ma ka sani. Gefen ka ara. Faɗin gefen yatsa uku ne, kuma kakana ya yi wajen shekara arba'in yana cika shi. Ya yi yawo a Azbin da Barno da Gwanja. Duk kalmar Larabcin da ya fassara da Hausa, sai ya tsaya a kan ta Hausar ya rubuta inda ya fara jin ta da kuma mutanen da yake zaton daga bakinsu muka ɗauko. Ya rubuta cewa kasuwa daga Barebari ta zo mana. Takarda da raƙumi, ya ce a bakin Buzaye ya ji iyayensu. Albasa da alkama da sabulu, ya ajiye Larabcinsu kusa da su da jan tawada don mai karatu ya ga kamar da idonsa. Goggo da kawu, ya ce na Fulani ne, mun ara mun ƙi mayarwa. Inda bai sani ba, sai ya rubuta cewa bai sani ba, kuma wuraren nan suna da yawa.

Ban ce duk abin da ya rubuta daidai ne ba. Amma ina zaune ka karanta falle shida, ka cire madubin idonka, ka ce ba ka taɓa ganin irinsa ba tun da ka shigo ƙasar nan.

Ba hannunsa kaɗai ke gefen ba. Bayan rasuwarsa 'yarsa, Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina, ta ci gaba. Da na dawo daga Ikko ta sa ni na ƙara 'yan kalmomin da bai riska ba, irin su ashana da akawu, waɗanda na ji a bakin Yarbawa, da masinja da tasha, waɗanda kuka zo da su. Hannu uku ke nan.

Na biyu: mai littafin.

Littafin ba nawa ba ne, na Goggo Kulu ne. Ta haura shekara saba'in, yanar ido ta kama ta, ba ta ganin rubutu. Har yanzu matan 'Yandoto suna zuwa ɗakinta ɗaukar karatu. Ga yadda suke yi, kuma ina roƙon ka karanta wannan a hankali, don a nan kuskuren yake.

Ba don rashin zare aka bar littafin falle-falle ba. Mace takan zo, Goggo ta sa a zaro mata falle ɗaya, ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta tafi da shi gida, ta yi kwana biyu ko uku tana bita tsakanin daka da girki. Wata kuma ta ɗauki na gaba. Littafi ɗaya, mata goma suna karanta shi a gida goma a rana guda. In sun dawo da shi ba ya rikicewa, domin a ƙasan kowane falle, can gefen hagu, an rubuta kalmar farko ta fallen da ke biye. A gidanmu ƙafa muke ce wa wannan kalma, don da ita littafi ke tafiya. Ba mu sa lamba a shafi kamar ku. Ƙafar ita ce lambarmu.

Sau uku na je 'Yandoto kafin ta yarda. A zuwa na uku ta ce, "Kai Haruna, Nasaran ga ya iya karatu nai, ko kallo zai yi?" Na ce ya iya. Ta ce, "To ka hwaɗa mashi amana ce. Kuma shi wanke hannu kahin shi taɓa." Na gaya maka duka biyun. Ka yi dariya, ka sa aka kawo ruwa ka wanke hannu a gabana. Matan suka yi wata biyar ba karatu.

Na uku: abin da aka dawo mani da shi.

Na ƙirga, falle ɗari da sittin da huɗu ne, ba wanda ya ɓace. Na faɗi wannan don gaskiya ce.

Gefen sama da na ƙasa da na waje an yanke su. Inda yatsa uku yake, abin da ya rage bai kai yatsa ɗaya ba. Ƙafa ba ta rage ko a falle ɗaya ba. Gefe na huɗu yana cikin ɗinki, an shafe shi da danƙo, wannan ina jin zan iya ceto shi in na kwance zaren a hankali. An ɗinke littafin ta hagu, kamar na boko, saboda haka in ka buɗe bango ƙarshensa za ka fara gani. Falle goma sha ɗaya kansu yana ƙasa. Da alama ya zube a hannun wani kafin a ɗinke, aka tattara yadda aka ga dama, domin babin alwala bai ƙare ba sai ga rabon gado.

Abin da ya rage na rubutun kakana rabin layi ne. A wani wuri na karanta, "wagga kalma na ji ta ga bakin wani tsoho a", sai farar takarda ta ƙare. Ban san tsohon ba, ban san garin ba, kalmar ma tana cikin abin da aka yanke.

Malam Sambo ya gaya mani cewa ka ga littafin a warwatse, ka ji tausayinsa, ka aika da shi ga wani mai ɗinkin littattafai a Zariya, ka ce a yi masa aiki mai kyau. An yi. Na duba ɗinkin da idon wanda ya san sana'ar, ban ga aibi ba. Zaren lilin ne, bakin ya daidaita kamar an goge.

Ban ga laifin mai ɗinkin ba. Na san wuƙar da ya yi aiki da ita, na sha danna irinta. Ana matse littafi da ƙarfe, a saukar da ita da hannu biyu, ta ratsa falle ɗari kamar ɗaya. Mai yanka ba ya duba abin da ke rubuce, baki yake dubawa, ko ya yi daidai. A littattafanku gefe fili ne, ba kowa a ciki. Ba wanda ya gaya masa cewa a wannan, gefen shi ne littafin.

Na huɗu: laifina.

Ranar da ka tambaye ni aikin maɗaba'a, na yi ta ba ka labari. Na gaya maka yadda muke fama da haruffanku, ba su da abin da zai raba ƙafa da kafa, sai mu ɗiga ɗigo a ƙarƙashi. Na kuma ce maka ɗinki yana sa littafi ya daɗe. Da bakina na faɗa. Ban ce ban da wannan ba. Ni kaɗai ne a ɗakin na san yadda kuke yi da littafi, na kuma san yadda muke yi, kuma ban haɗa biyun a raina ba. Bai zo mani ba cewa wanda ya ari abu zai gyara shi ba tare da ya tambayi mai shi ba.

Na biyar: 'yan takardun akawu.

Da na nuna wa Malam Sambo abin da ya faru, ya ce kada in damu, ai ya kwafe kalmomin a 'yan ƙananan takardu kafin a aika da littafin. Ya bar ni na duba akwatin. Mutumin kirki ne, kuma rubutunsa yana da tsabta. Amma kalmar kawai ya kwafa da ma'anarta, domin abin da aka sa shi ke nan. Labarin inda ta fito, da wanda aka ji ta a bakinsa, da wuraren da kakana ya ce bai sani ba, duk ya bar su. Kuma shi Bakano ne. Inda ya ga habɗi ya rubuta toka, inda ya ga mussa ya rubuta kyanwa, inda ya ga icce ya rubuta itace. Na tambaye shi dalili, ya ce ya ɗauka tsufa ne ya sa malamin ya kuskure. Ya tsaya a falle na sittin da biyu, ranar da aka ce a naɗe littafin.

Na shida: ranar da na kai mata.

Na kwana uku da littafin a rumfata. Na buɗe rumfa, na rubuta wa mutane wasiƙunsu, na ci abinci. Maƙwabcina mai ɗinkin hula ya tambaye ni ko na yi fushi. Na duba cikina ban sami fushi ba, ban sami wani abu ba. Ranar Asabar na shiga jirgi zuwa Tsafe, na ƙarasa 'Yandoto da ƙafa.

Na same ta a tsakar gida da hantsi, tana ɓare gyaɗa, mata uku suna zaune da ita. Na gaishe ta, na durƙusa, na ɗora mata littafin a cinya. Ta shafa bangon, ta juya shi, ta bi bakinsa da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ta sake bi.

Ta ce, "Wa yay yi ma littahin Baba aski?"

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya, ba ta san abin da ake ciki ba. Goggo ta ce, "Sumul, awa kan jinjiri ran suna." Sai ta buɗe, ta kama falle ɗaya ta ja shi a hankali yadda ta saba zarowa, ya ƙi fitowa. Ta kai yatsa ƙasan hagu, inda ƙafa take zama. Ta daɗe da yatsan a wurin.

Na gaya mata duk abin da na rubuta maka a sama, har da laifina. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kai ma ba ta zage ka ba. Ta ce, "Shi Nasaran, alheri yay yi nuhi?" Na ce alheri. Ta ce, "To." Can ta ce, "Ina gahwaka tau?" Sai a lokacin na tuna ba a dawo da gafakar ba. Ita ta ɗinka wa mahaifinta maratayin gafakar tun tana budurwa. An ce mani tana ofishinka, Malam Sambo yana zuba alƙaluma a ciki.

Na yi kwana uku a can. Ina karanta mata rabin layin da ya rage, ita tana ƙarasawa da ka, ina rubutawa a wata takarda. Mun yi falle tara. A cikinsu akwai layin da ta ƙarasa ba ta ko numfasa ba, akwai wanda ta ce in sake karantawa har sau huɗu, sannan ta ce, "Wuce, ya tahi." Na tsohon nan da na ambata yana cikin waɗanda suka tafi. In ta yi layi kamar ashirin sai ta gaji, ta jingina da bango. Falle ɗari da hamsin da biyar suka rage. Na yi lissafin kwanakin da za mu ci a haka, ban gaya mata ba.

A kasuwar Tsafe an fara cewa da gangan ka yanke, don ka tafi ƙasarku da ilimin ka bar mu da fanko. Duk wanda ya faɗa a gabana na ce masa ba haka ba ne. Ba su yarda da ni ba, tun da ni na kai maka littafin.

Abin da nake roƙo.

Abin da wuƙa ta yanke ba ya narkewa. Yana zuba ƙasa ne dogo-dogo kamar zare mai faɗi, a share shi a zuba a buhu tare da na sauran littattafai. In buhu ya cika, a ƙone, ko a ba masu tuya su hura wuta. Haka muke yi a Ikko, ban jin Zariya ta bambanta. Takardar kakana ta fi ta ofis kauri, tawadarsa baƙa ce da ja, ko cikin buhu goma zan gane ta. In na same su, zan iya haɗa kowane yanki da fallensa ta rabin haruffan da ke bakin yanka. Aikin shekara ne, kuma zan yi. Amma wurin da ya ruɗe sai Goggo, kuma ban san nawa ya rage mata ba. Saboda haka:

1. Ka buga waya zuwa Zariya a ranar da takardar nan ta same ka, a gaya wa mai ɗinkin kada ya ƙone komai, kada ya bayar da komai. Na rubuta masa da kaina, bai amsa ba. Ni bai san ni ba, kai ya sani.

2. A ara mani 'yan takardun Malam Sambo na falle sittin da biyun nan. Zan dawo da su yadda aka ba ni.

3. A dawo da gafakar.

4. Duk littafin da malaman Bungudu ko na wani gari suka ba ka, a mayar musu da shi yadda suka bayar. Kada a ɗinke, kada a yanke, kada a sa lamba, sai an tambayi mai shi da baki. In akwai wanda aka riga aka aika Zariya, a ambace shi shi ma a cikin wayar.

5. Ka rubuta wa Goggo Kulu layi biyu da hannunka, ka faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru. Ba ta nema ba. Ni nake nema, don in karanta a gaban matan da suka yi wata biyar suna jira.

6. In kalmomin kakana za su shiga babban littafin da kake haɗawa, a sa su yadda ya rubuta su, habɗi a matsayin habɗi, kuma a ce daga gefen littafin Malam Buhari na 'Yandoto aka ɗauko.

Jan bangon zan cire shi gobe, in kwance ɗinkin, don matan su koma karatu ko da tsakiyar ce kaɗai. Ba raini ba ne ga kyautarka. In kana son bangon, yana rumfata.

Ranka ya daɗe, na ga yadda kake zama da tsofaffi tun safe har azahar a kan kalma ɗaya, ban taɓa shakkar kana son harshen nan ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama aikinka, ya mayar da kai ga iyalinka cikin aminci. Allah ya tsare abin da aka ba ka amana, ya tsare ka daga irin wannan a gaba.

Jiya wani ɗan garinmu mai aiki a jirgin ƙasa, Malam Ango, ya sauka Gusau. Na roƙe shi tun makon jiya ya leƙa shagon mai ɗinkin in ya je Zariya. Ya ce ya je, bai sami mai shagon ba, amma ta tagar ya hango buhu a bayan ƙofa, ya kusa cika, bakinsa a buɗe. Na tambaye shi ko ya ga jan tawada. Ya ce buhu ya gani, bai ce ya ga rubutu ba. Ranar Litinin zai koma.

Wassalam.

Haruna jikan Malam Buhari,
mai rubuta wasiƙu, Sabon Gari, Gusau.